Inna da Mummunar Jikarta

Makon jiya na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu, a tsakiyar Agusta, mai gyara kuma ya ce sai ya samu sarari. Duk wanda ya san garin Greensboro na Amurka ya san zafinsa ba irin na gida ba ne. Zafi ne mai danshi, ka fito daga wanka kana neman wani wankan. Da yamma na wanke shinkafa, na ɗauki ruwan wankin na fita tsakar gida na zuba wa 'yar kuɓewar da na shuka. Maigidana Isuhu yana zaune a baranda yana fifita da kwali, ya ce, "Ke har yanzu? Ga famfo nan, wa ya hana ki ruwa?" Na ce ya ji da fifitarsa. Hannuna ya saba tun 2003, shekarar da muka yi hutu a ƙauyen Faransa, zafi ya so ya gasa mu da ranmu.

Ba son yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. A lokacin ina aikin ɗaura kaya a wani sito da ke kan titin Wendover, irin aikin da in ka samu hutu barci kake nema, ba jirgi ba. Dalilin tafiyar mahaifiyata ce, Inna, da ke Maraɗi. 'Yata ta kai shekara takwas Inna ba ta taɓa sa ta a ido ba, alhali sunanta aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Sau biyu muna nema wa Inna bizar Amurka ana hana ta. Sai ƙanena Lawali, da ke aikin lantarki a Faransa, ya samo mata ta can, ya kama mana wani tsohon gidan gona a yankin Dordogne na mako uku. Inna ta tsufa, ga hawan jini. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san mai yiwuwa wannan ce haɗuwar farko kuma ta ƙarshe tsakaninta da jikarta.

Na yi wata guda ina shirya yarinyar. Ummi tana jin Hausa tsaf, amma da Turanci take amsawa kamar sauran yaranmu na nan. Na koya mata durƙusawa, na koya mata "ina wuni" da "ya gajiyar hanya" har ta haddace. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba, domin ban taɓa zaton abu ne da ake koyarwa ba.

Mun iso da la'asar. Gidan na dutse ne, katangarsa ta fi kamu biyu kauri, bishiyoyin gyaɗar Turawa sun kewaye shi. Inna tana zaune a ƙofa bisa darduma, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta. Ni 'yar fari ce, don haka ban sa ran komai ba. Ta dubi gefena ta ce, "Kun iso?" Iyakar rabona ke nan, kuma na saba. Ummi ta je ta durƙusa, ta kawo gaisuwarta ba kuskure ko ɗaya. Inna ta kama haɓarta, ta juya fuskar dama, ta juya hagu.

"Wagga ce aka sa ma sunana? Kai, an ɓata suna. Ku dubi ƙafahu kamar sillen kara. Duk abincin Amirka ina ya tahi? Wa za ya kwashi wagga mummuna?"

Lawali ya fashe da dariya, Isuhu ma haka. Ni kuwa daɗi ya cika ni, domin na san Inna ba ta zagin wanda ba ta so. Haka kakata ta yi mini, haka ake yi tun kaka da kakanni: kaka ta kushe jika, jika ta rama, a rabu ana dariya. Sai da na juyo na ga Ummi ta miƙe, idanunta sun cicciko. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Na bi ta na ce wasa ne. Ta ce da Turanci, "Momi, ba ta yi dariya ba." Gaskiyarta kuwa, Inna ba ta dariya in tana yi, a nan gwanintar take. Na ce ta rama mana, ai an yarda jika ta rama. Ta kalle ni kamar na zautu. Yarinyar da tun tana rarrafe nake ja wa kunne kada ta ɗaga ido ta kalli Anti ko Alhaji a wurin suna, yau ni ce nake ce mata ta zagi tsohuwa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafin kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Mai gidan, Madam Odil, wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune a ɗayan ɓangaren da tumakinta da lambunta. Ta ce tun tana yarinya ba ta ga irinsa ba. Da hantsi za ta zagayo ta rufe mana tagogin katako, mu zauna cikin duhu har yamma. Fanka babu, don an saye su kaf a kasuwannin yankin. Ciyawa ta ƙone ta zama ruwan ƙasa, masara ta naɗe ganye, tumaki sun cusa kai ƙarƙashin juna suna haki. Rediyo kullum maganar tsofaffin da ake tararwa sun mutu su kaɗai a ɗakunansu. Da na fassara wa Inna, ta yi salati ta ce, "Ba su da maƙwabta?"

Ita zafin bai dame ta ba, ta ce ko rabin na watan bakwai, maƙarar rani, a Maraɗi bai kai ba. Abin da ya dame ta rana ce da ta ƙi faɗuwa. Tana azumin Litinin da Alhamis, ba ta fasawa ko a kan hanya. Sai ga shi an wuce ƙarfe tara gari da haske tas. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari, tana zaune da dabino uku a hannu tana harar sama, tana cewa, "Wagga rana ba ta da gidan komawa ne?"

Isuhu ya zo da taswira da kyamara, ya rantse sai mun ga duk abin da Turawa ke zuwa gani. Ya kai mu wani tsohon gidan sarauta a kan dutse, mai hasumiya da ramukan harbi. Inna ta hau rabin matakala ta zauna, ta ce wanda ya gina gida a nan bai tausaya wa masu ɗebo masa ruwa ba. Ya kai mu kogi, muka tarar ruwan ya janye, mutane na jan kwale-kwale a kan tsakuwa. Wurin da kowa ya yaba shi ne wani kogo mai zanen dabbobi na mutanen farko, shi ma don sanyinsa ne. Inna ta daɗe tana duban shanun da ke jikin dutsen, ta ce, "Waɗanga sun ƙoshi. Lokacinsu ana ruwa." A duk yawon nan Ummi tana maƙale da ubanta. In Inna ta zauna a dama cikin mota, ita tana hagu, ta manna fuska da gilashi. Inna kuma ba ta fasa ba: raguwa, mai wuyan zalɓe, mai cin abinci kamar kaza.

Abin ya ƙara lalacewa ranar da jikokin Madam Odil suka zo mata yini. Ta fito da gudu ta rungume su, ta sumbaci wannan ta sumbaci wancan. Ummi tana kallo ta taga. Da muka zo kwanciya ta ce mini, "Me na yi mata? Me ya sa tawa kakar ta tsane ni?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ba na iya ɓoye ɓacin rai. Da safe na sami Inna tana jan carbi, na zauna nesa kaɗan, na ce, "Inna, don Allah a sassauta wa yarinyar nan. Ba ta san wasan ba. Kuka take yi."

Ta ci gaba da jan carbinta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "To mi kike so in yi? In lashe ta kamar Nasara?"

"A'a, Inna. A dai bar zagin."

"An bari."

Garin neman gira muka rasa ido. Daga ranar Inna ta koma yi wa Ummi irin mu'amalar da ake yi wa baƙo. "Sannu, Hajiya. An tashi lahiya? Madalla." In ta raba nama ta tura mata nata a faranti ba magana. Isuhu ya ce ai shi ke nan, an zauna lafiya. Ni kuwa na tsorata, domin na san wannan ladabin. Shi ne katangar da ke tsakanina da ita tun ina yarinya, ni al'ada ta gina mini, ita kuma Ummi ni na gina mata da bakina. Kwanaki suna tafiya, mun ci rabin hutun.

A makon ne ruwa ya zama abin da ya zama. Hukuma ta hana ban ruwa a lambu. Rijiyar Madam Odil ta koma laka. Famfo yana zuwa da sassafe kamar fitsarin ɗan akuya, ya ɗauke kafin hantsi. Wata safiya Inna ta ga Madam Odil tsaye a kan tumatir da wakenta da suka langaɓe, ta riƙe ƙugu. A gefe akwai wasu 'yan bishiyoyi da mijinta ya dasa kafin ya rasu, ganyensu ya soma zuba. Inna ba ta jin Faransanci ko na sannu, Madam Odil ba ta jin Hausa. Amma na ga Inna ta ɗaga bokitin da ta yi alwala a ciki, ta nuna mata, ta nuna lambun. Madam Odil ta shiga ɗaki ta fito da nata bahon na wanke-wanke, ashe ita ma ta soma tarawa. Suka dubi juna suka gyaɗa kai.

Daga nan hutu ya ƙare, aiki ya tashi. Inna ta kafa doka: ba ruwan da zai bar gidan nan bai yi aiki biyu ba. Da asuba a tare famfo da duk abin da ke riƙe ruwa, har tukwane. Wanka a cikin baho, da kofi, kowa rabin bokiti. Ruwan alwala da na wankin shinkafa na tumatir da wake ne. Mai sabulu na bishiyoyi ne. Ban ruwa sau biyu, kafin rana ta fito da bayan ta yi sanyi, a gindi, ba a kan ganye ba. Madam Odil ta kawo tsohuwar ciyawa muka lulluɓe gindin kowace shuka. Isuhu ya ajiye kyamara, ya koma tura baro shi da Lawali zuwa wata maɓuɓɓugar ruwa da ke ƙasan tudu, inda mutanen ƙauyen ke layi da jarkoki don dabbobinsu. Suna dawowa riga ta manne da baya, Isuhu yana cewa da ya san gayya aka kira shi da ya zauna a Wendover, can ko ba komai ana biyansa.

Ummi ma an ba ta ƙaramin bokiti. Tana rungumo shi a ƙirji, rabi a jikinta rabi a ƙasa. Inna kuwa sai ta naɗe tsohon ɗankwali ta yi gammo, ta ɗora babban bokiti a ka, ta taho hannu sake, ko ɗigo ba ya zuba. Na lura yarinyar tana satar kallonta. Wata yamma na hango ta a bayan rumbun ciyawa ta naɗe tawul a ka tana gwadawa da bokiti wayam.

Ranar wata Alhamis ta ce za ta gwada da ruwa. Ruwan alwalar gidan gaba ɗaya ne na yinin, wanda aka tara don tumatir. Ta ɗora, ta yi taku kaɗan wuya yana rawa, bokitin ya kife a kan dutsen ƙofar gida. Muna kallo dutsen ya shanye shi, kafin ka ce kwabo wurin ya bushe. Inna tana tsaye da azumi a bakinta. Na ga leɓenta ya motsa, na san abin da ke kan harshenta, na san irin daɗin da zai yi. Ta haɗiye shi. Ta ce, "Ba komi, Hajiya. Sannu." Ta ɗauki bokitin ta wuce.

Na ɗauka Ummi za ta ji sauƙi. Sai ta fashe da kuka wanda ya fi na ranar farko. Tana shessheƙa tana cewa, "Ko faɗa ba ta yi mini ba. Da Kawu Lawali ne ya zubar da ta yi ta yi masa faɗa. Ni kamar ba na nan." Ubanta ne ya ja ta gefe. Na ji yana ba ta labarin kakansa da ke kiransa mai kan gatari har ya yi aure, da yadda shi kuma yake ɓoye wa tsohon sanda ya ce sai ya yi rawa zai ba shi. Ta ce, "Bai yi fushi ba?" Ya ce, "Ranar da ban tsokane shi ba ne yake aikowa a tambaya ko ba ni da lafiya." Ni dai ban ga alamar maganar ta shiga ba.

Saura kwana kaɗan mu tashi hadari ya haɗu. Tun azahar iska ta tsaya cak, kuɗaje suka addabe mu, tumaki suka kasa zama. Da la'asar yamma ta yi baƙi, aka soma rugugi daga nesa. Sai iska mai sanyi ta bugo tagogi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, irin wanda rabona da shi tun ina budurwa a Maraɗi. Madam Odil ta fito tana ihu a kawo bokitai. Muka watsu, kowa da abin da ya samu, muna jerawa a ƙarƙashin indararo. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙasar ta bushe da yawa har ta kasa sha, nan da nan tsakar gida ta zama taɓo.

Inna ta ƙi shiga ɗaki. Ta cika bokiti ta ɗora a ka, wai za ta juye a randar lambu ta dawo. Ta yi rabin hanya silifas ɗinta ya zame. Sai ga Inna zaune daɓas cikin taɓo, ƙafafu a sama, bokitin ya juye mata a ka. Na yi salati na nufe ta da gudu, ina tsoron ƙugun tsufa. Kafin in isa na ji wata murya a bayana, da Hausa, da ƙarfi yadda ta fi ruwan:

"Raguwa! Tsohuwa raguwa! Ko tafiya ba ki iya ba!"

Na juyo. Ummi ce, jiƙe sharkaf, ta toshe baki da hannu biyu, idanu waje, ta tsorata da abin da ya fito daga bakinta. Wallahi hannuna har ya ɗaga da kansa, saboda sabo. Lawali ya riƙe ni.

Inna ta ture bokitin daga kanta. Ta share taɓo daga ido. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa, fuska a murtuke.

"Ni? Ni kike hwaɗa ma haka, mai ƙafar sauro? Ke da kika shayar da dutse? Zo nan ki tada ni in kina da ƙarhi, mummuna."

Ummi ta je ta kama hannunta ta ja. Inna ta fizgo ta, ta faɗo kanta cikin taɓon. Madam Odil tana tsaye da tukunya a hannu tana tambayata me ake cewa. Na ce mata zagin juna suke yi. Ta ce, "To me ya sa kike kuka?"

Sauran kwanakin ba mu huta ba. Tun daga karin kumallo ake farawa. Hausar Ummi ba ta da yawa, don haka take zuwa wurin ubanta a asirce ya ba ta harsashi, ta dawo ta harba: mai haƙori uku, mai minshari kamar injin niƙa. Inna ta koya mata gammo, tana yi tana cewa ba ta taɓa ganin kai marar amfani irin wannan ba. Da yamma sai in tarar da su a kan darduma ɗaya, Inna tana tsefe mata kai tana kushe gashin. Tumatir da yawa sun mutu, wake ma bai yi ba, amma bishiyoyin mijin Madam Odil sun tsira, ban da guda ɗaya.

Ba su sake haɗuwa ba. Inna ta rasu bayan shekara huɗu, muna ta fafutukar biza ta uku. Abin da ya rage musu shi ne wayar ranar Lahadi da katin kira, inda ni nake samun gaisuwar minti ɗaya, su kuma su cinye sauran katin suna kushe juna.

Ranar rabuwarmu a Faransa mun raka ta tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari, Lawali zai kai ta Paris ta hau jirgin Yamai. Ta yi wa Isuhu addu'a, ta ce da ni, "A yi ta haƙuri," tana duban jakarta. Ummi ta riƙe gefen zanenta ta ƙi saki.

"Sakar mini zane," in ji Inna, "kada ki shahwa mini muni in kai gida."

Ummi ta saki. Ta ce, "Tafi, tsohuwa. Ba wanda zai yi kewarki."

Inna ta hau ba ta waiwayo ba. Ta zauna a bakin taga, ta ja mayafi ta rufe fuska duka, kafaɗunta suna motsi. Ni da na fito daga cikinta ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar.

A mota muna komawa, muka wuce gonakin masara. Sai Ummi ta taɓo kafaɗata daga baya, ta ce a hankali, da Turanci, "Momi, ta san ƙarya nake yi, ko?"

Na ce, "Ta sani."